Ɗakin Emlyn Ba Rara Ba Ne

12 Layin Helyg, Pentrelan,
Kudancin Wales.
16 ga Maris, 2013

Zuwa ga autana Emlyn,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma kana cin abin da aka ba ka ko da bai yi maka daɗi ba. Ni ma lafiya lau, sai dai gwiwar nan da ka sani, ba ta shiri da sanyi. Yayarka Nerys tana gaishe ka. Ba ta faɗa da baki ba, amma na san tana gaishe ka. Maƙwabciyarmu Anti Iris ta ce in tambaye ka ko a gidan yarin sun koya maka gyara gado, don ita tun kana firamare take jiran ta ga wannan rana.

Ka yi haƙuri ban zo ziyara ba. Ƙanƙara ce ta rufe mana kwari, bas ta daina hawowa tudu.

Akwai wata 'yar magana, gara ka ji daga bakina. Ranar Talata wata yarinya ta zo daga ofishin gidaje, ba za ta wuce sa'arka ba, hancinta ya yi jajir don sanyi. Na dafa mata shayi. Ta ce daga watan gobe doka ta canza. Duk wanda ke zaune a gidan hukuma ana biya masa haya da tallafi, in yana da ɗakin kwanan da ba mai kwana a ciki, za a rage masa tallafin. Ta ce, “Ke ɗakunanki biyu ne rara, za a cire miki kashi ɗaya cikin huɗu.”

Na ce, “Rara kamar yaya? Na Nerys dai na ji, ta yi aure ta tafi. Ɗayan kuwa na ɗana ne.”

Ta ce, “Ɗan naki yana ina yanzu?”

Na ce, “Kin fi ni sani, tunda ga shi nan a rubuce a gabanki.”

Ta sunkuyar da kai ta ce wanda aka ɗaure, ya wuce wata uku ba ya gida, doka ba ta lissafa shi. Na ce mata ita doka ta ƙi lissafa ka, ni da na haife ka ina lissafa ka. Na kai ta sama na buɗe mata ɗakin. Ga gadonka, ga rigarka ta zari-ruga a rataye, ga takalman aikinka da lakarsu. Na ce, “Wannan ne rara?” Ta ce, “Anti, ba ni na yi dokar ba.” Na san ba ita ta yi ba. Har tausayi ta ba ni, ta ce gida na tara ke nan ta shiga tun safe.

Abin haushin, da na kai shekarun fansho da bai shafe ni ba. Shekara hamsin da tara wai yarinya ce ni. Iris da ta girme ni tana can da ɗakuna uku, daga ita sai kyanwa, ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Zaɓi uku suka ba ni: in riƙa cika fam ashirin da wani abu duk mako daga aljihuna, ko in sa ɗan haya, ko in koma ƙaramin gida. Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan. A falon ƙasa Babanku ya cika. Ina za ni?

Kada ka sa abin a ranka. Ka ce in ka kama kanka za su sake ka a watan Satumba, muddin kana da gidan da za ka sauka. To kana da shi. Abu ɗaya na roƙe ka, ka riƙe hannunka da bakinka.

Allah ya tsare min kai.

Mamarka,
Glenys

*

Gidan Yari, Sashe na Uku.
7 ga Afrilu, 2013

Mama ta kaina,

Gaisuwa da ban girma, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki gaya wa Anti Iris ina gyara gado kullum, har an ce za a ba ni lambar yabo. Ki ce mata kuma kyanwar nan tata ta fi ni laifi, ita ce ba a kama ba.

Wasiƙarki ta iso. Maganar harajin ɗakin nan ita ake yi a talabijin, ita ake yi a layin abinci. Na karanta wa Selwyn, tsohon da muke ɗaki ɗaya, inda kika kai yarinyar sama. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce mu da muke mu biyu a ɗakin mutum ɗaya, ga masai a gindin gado, ai kamata ya yi gwamnati ta ƙara mana. Mama, minsharin mutumin nan sai ka ce jirgin gawayi.

Yanzu ki saurare ni. Kada ki sa hannu a komai. Ainihin ranar fitata sai tsakiyar Janairu, amma na nemi a sake ni tun Satumba da munduwa. Wata na'ura ce ake ɗaura wa mutum a idon sawu, daga yamma zuwa safe ba ya barin gida. Sharaɗinta ɗaya, sai da gidan da aka amince da shi. Naki na ba su. Wata jami'ar sa ido za ta zo ta duba, ki ba ta kek ɗin zabibin nan naki, shi ke nan an gama. Da na dawo ɗakina ya tashi daga rara. Gethin mai rufin gidaje ya ce zai ɗauke ni aiki, bai damu da zancen wayar jan ƙarfen da na kwasa ba, tunda masana'antar da na kwaso wayar a ciki ta mutu tun kafin a haife ni. Ni zan riƙa biyan na ɗakin Yaya Nerys.

An mayar da ni kicin, ina feraye dankali. Gara nan, akwai taga. Wata huɗu a waje ba komai ba ne, Mama, amma a nan wani abu ne. Wancan makon an fitar da wani yaro daga sashenmu a kan gadon asibiti, an rufe masa fuska. Ba zan ba ki labarin ba. Tun ranar ban cika samun barci ba.

Ki daure min zuwa Satumba kawai.

Ki gaida Yaya, da Huw mijinta in yana amsa gaisuwata, da yaran.

Ɗanki mara ji,
Emlyn

*

12 Layin Helyg, Pentrelan.
10 ga Yuni, 2013

Autana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Albishirinka! Jami'ar ta zo, ta duba ɗakinka, ta ci kek biyu ta tafi da uku. Ta ce gida ya yi.

Na gwada zancen ɗan haya. Na liƙa sanarwa a gidan waya, mutum ɗaya ya zo, da safe amma yana warin giya. Ya leƙa ɗakin Nerys, ya leƙa nawa, ya ce, “Kina kulle ƙofarki in za ki kwanta?” Ashe Iris na tsaye a ƙasan bene. Ta ce, “Tana kullewa, kuma ni ce makullin.” Da tsintsiya ta raka shi har bakin titi. Na je na yage sanarwar.

An ce akwai wani taimako na wucin gadi, amma sai ka nuna kana neman ƙaramin gida. Shi ya sa duk Laraba nake zuwa laburare, a zaunar da ni gaban kwamfuta ina dannawa. Kada hankalinka ya tashi, don cika sharaɗi ne kawai. Ai ma babu gidajen. In an sa ciki da falo guda ɗaya, sai ka ga mutum ɗari da wani abu a kansa. Na ce wa yarinyar ofis, “Kun ce mu koma ƙaramin gida, to ina yake?” Ta ce, “Shi ne matsalar, Anti.” Taimakon dai har yanzu shiru.

In ka buga wayar gida ba ka samu ba, ni na sa aka cire. Masu talla sun ishe ni. Ziyara kuma ka ƙara min haƙuri, gwiwar ba ta son doguwar tafiya a bas.

Na rage ƙiba, ka ga likita zai daina yi min wa'azi. Siket ɗin da na sa a bikin Nerys ya shige ni.

Waken da na shuka a bayan gida ya hau sanda. Kafin ka zo ya nuna.

Ka ci gaba da feraye dankalinka, ban da rigima.

Mamarka mai ƙaunarka,
Glenys

*

Pentrelan.
14 ga Yuli, 2013

Emlyn,

Gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ka san tun da aka ɗaure ka ban rubuto maka ba, yau ma dole ce ta sa.

Mama ta faɗi a layin gidan waya ranar Alhamis. Daga kan aiki aka kira ni. Likita ya ce ba wata cuta ba ce, yunwa ce. Ka ji da kyau, yunwa.

Da na mayar da ita gida na buɗe firij, a kashe yake. Ba komai ciki sai rabin albasa. Mitar gas ta ƙare ban san tun yaushe ba, da ruwan sanyi take wanka. Keken ɗinkinta babu, agogon Baba babu. Waya ba ita ta cire ba, yankewa aka yi. Ashe har wani gari take zuwa karɓar abincin sadaka a coci, don kada a gan ta a nan. Ni kuma duk Lahadi in na zo sai ta tare ni a ƙofa ta ce mu tafi wurin Iris, can ya fi ɗumi. Ban gane ba.

Duk da haka ba ta iya cika kuɗin. Bashin haya ya taru, taimakon wucin gadin an hana ta, sun aiko mata za su kai ta kotu. In kotu ta fitar da ita, ba su da wani nauyin ba ta gida.

Abin da ba ta gaya maka ba shi ne, an yi mata tayi. Ciki da falo ne a Aberlais, hawa na shida, a wani bene na waɗanda suka haura shekara hamsin da biyar. Akwai ɗumi, ba ɗakin rara, ba abin da za ta cika. In ta karɓa za su janye zancen kotu, ta riƙa biyan bashin kaɗan-kaɗan. Amma ba a yarda wani ya zauna tare da ita ba, balle mai munduwa. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata.

Na ce, “Mama, ki karɓa.”

Ta ce, “In karɓa, yaron ya sauka ina?”

Na ce, “Yaron shekararsa ashirin da bakwai, kuma shi ya kai kansa.”

Ta ce, “Ke kina da miji, kina da ƙofar da kike rufewa. Shi ni kaɗai gare shi. Saura wata biyu.”

Na ce, “Ba ki da wata biyu!” Sai ta ce in fita mata daga gida. Da ƙyar take tsayuwa, amma ta iya nuna min ƙofa.

Kafin ka tambaya ko za ka sauka a wurinmu, na tambaya. Mu biyar ne a ɗaki biyu, mai gidan da muke haya ya ce sam, Huw ma ya ce sam, kuma an rage masa kwanakin aiki. Abin da nake iya ba ta ina ba ta, sai ta kwashe ta kai ofishin gidaje. Ko ka dawo ma ɗaki ɗaya yana nan rara, bashin yana nan, aikin Gethin kuwa alkawarin mashaya ne, ka fi ni sanin haka.

Ba ta jin maganata, ba ta taɓa ji ba. Taka take ji. Ka san abin da za ka yi.

Yayarka,
Nerys

*

Gidan Yari, Sashe na Uku.
18 ga Yuli, 2013

Yaya,

Na gaishe ki. Na ga saƙonki.

Da na gama karantawa na rubuta miki wata wasiƙa mai zagi shafi biyu. Selwyn ya ƙwace ya yage. Ya kyauta.

Kina gari ɗaya da ita, tafiyar ƙafa, wata uku tana yunwa ba ki gani ba, sannan ni ne na kai kaina. To na ji. Gaskiya ne kuma.

Yau da safe na je na janye neman munduwar. Jami'in ya tambaye ni har sau uku ko hankalina ɗaya. Sai Janairu ke nan.

Amma in na ce wa Mama saboda ita na yi, ba za ta motsa daga gidan nan ba, za ta ce in je in mayar. Kin san ta. Zan ce mata faɗa na yi aka soke. Za ta yarda, ai ta san ɗanta. Ki rantse min ba za ki gaya mata ba. Ko Huw kada ya ji.

Ki cika mata firij. In da sauran wani abu nawa da zai sayu a ɗakin, ki sayar.

Ƙaninki,
Emlyn

*

Gidan Yari, Sashe na Uku.
18 ga Yuli, 2013

Mama,

Gaisuwa da ban girma, da fatan jiki ya yi sauƙi. Yaya ta ce kin ɗan faɗi.

Ba labari mai daɗi gare ni ba. Na yi faɗa a kicin. Wani ne ya riƙa tsokanata, na yi haƙuri har na gaji, na fasa masa baki. An soke zancen munduwa. Ba ɗaukaka ƙara, ba roƙo, na tambaya. Sai Janairu.

Na san abin da kika roƙe ni. Ki yafe min.

Tunda haka ne ba amfanin ki riƙe gidan. Yaya ta ce an yi miki tayin wani a Aberlais. Ki karɓa, Mama, kafin a ba wani. In na fito akwai masaukin da ake ba irinmu, daga nan zan nemi nawa. Ai ma na girma da kwana a gadon da ƙafata ke leƙowa.

Kada ki wahalar da kanki da zuwa ziyara. Ki ci abinci.

Ɗanki,
Emlyn

*

Ɗaki na 64, Benen Awel, Aberlais.
20 ga Oktoba, 2013

Emlyn,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Wasiƙunka uku sun zo. Ban amsa ba don duk lokacin da na ɗauki biro sai in ajiye shi don fushi.

Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak. Ba zan gaya maka abin da na yi don in riƙe maka ɗakin nan ba, ba na gori. Amma kai ka kasa riƙe hannunka wata biyu. Babanku shekara ashirin ya yi a ramin gawayi da mutanen da suka fi wancan iya tsokana, bai taɓa dukan kowa ba. Na rasa inda na yi kuskure a kanka.

Na tashi a watan Agusta. Huw ya aro mota. Abin da wurin nan zai ci kaɗan ne: gadona, kujera biyu, ƙaramin tebur. Teburin cin abincinmu bai shiga lif ba, aka bar shi a ƙasa, kafin mu sauko wani ya ɗauke. Gadonka da kabad ɗinka ba wanda ya so, aka jefa a kwandon shara na bakin titi. Ina kallo yaran layi suna tsalle a kan katifarka. Tufafinka suna cikin kwali biyu a wurin Iris. Ita kuwa Iris ta tsaya a ƙofarta tana zagin motar, tana zagin Huw, tana zagin gwamnati, da ta zo kaina sai ta fashe da kuka. Waken ban tsaya cirewa ba.

Nan ba laifi. Akwai ɗumi. Ina cin abinci sau uku, ka gaya wa Nerys in ta tambaye ka, don ni ba ta yarda da ni. Akwai wata igiya a banɗaki da ake ja in mutum ya faɗi. Maƙwabcina shekararsa tamanin da takwas, ba ya ji. Na gaishe shi ya ce min “Talata.” Ta ɗayan gefen an fitar da gawarta makon da na zo. Wani lokaci sai in wuni ban yi magana da kowa ba, sai da yamma in ji muryata ta dushe. Cocinmu bas biyu ne daga nan, kuma ran Lahadi ɗayar ba ta aiki.

Ka san wa aka ba gidanmu? Ba kowa. Ni na ɗauka wasu masu yara ne ke cunkushe a wani wuri suna jira, har ina lallashin kaina da haka. Na goge ko'ina, na bar musu labule. Ashe ba mai so. Iris ta ce wasu miji da mata sun zo da jaririnsu, matar har ta fara auna taga, da aka gaya musu su ma za a ce suna da rara sai suka juya. Yanzu an rufe tagogin da farantan ƙarfe, an rufe ƙofa. Gida uku ke nan a layinmu haka.

Duk Alhamis ina zuwa wurin Iris, daga nan in tsallaka in cire ciyawar gaban gidan, don ba zan iya ganinsa haka ba. Wani ma'aikaci ya same ni a durƙushe ya ce, “Anti, ba a shiga nan, mallakar hukuma ce.” Na ce, “To ka gaya wa hukuma ta zo ta yi shara.” Sai ya riƙe min jakar ciyawar.

Har yanzu ina fushi da kai, kada ka ɗauka wannan wasiƙar sulhu ce. Na saƙa maka hula, an ce ba a karɓar mai launin baƙi, shi ya sa ta zama kore.

Allah ya shirye ka.

Glenys

*

Pentrelan.
5 ga Janairu, 2014

Ƙanena Emlyn,

Gaisuwa mai yawa. Na san limamin cocin gidan yari ya gaya maka Mama tana asibiti. Ga yadda abin ya faru.

Alhamis ɗin kafin Kirsimeti ta je layinmu kamar yadda ta saba. Ana ruwa. Iris ta ce mata ta bar ciyawar nan, wace ciyawa ce a watan Disamba, ta zo su sha shayi. Ta ce tana zuwa. Da shayin ya huce Iris ta leƙa ta taga, ta hango ta kwance a gefen matakalar ƙofarmu.

Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Hannu da ƙafa ba sa motsi. Magana ta tafi, sai wani sauti. Amma tana gane mutane, idonta yana nan yadda ka san shi. Likita ya ce ba za ta sake zama ita kaɗai ba, ana nema mata gado a gidan kula da marasa lafiya. Benen Awel sun ce a mayar musu da makulli. Jiya na je na kwashe kayanta, ko wuni bai ɗauke ni ba. Huw ya fara cewa wai da an bar ta a gidanta, na ce ya rufe min baki. Ni ma tambayar da ke hana ni sukuni ke nan, ba sai wani ya taya ni ba.

Jami'ar sa ido ta kira ni. Ta ce sun samo maka gado a wani masauki a Cardiff daga ran sha shida ga wata, na ɗan lokaci. Na sake yi wa mai gidan da muke haya magana a kanka, bai canza ba. Zan zo in ɗauke ka a bakin ƙofar gidan yarin, mu wuce asibiti tukuna. Kwalayenka suna bayan mota.

Yanzu abin da zai ɓata maka rai. Na karya rantsuwar. Duk lokacin da na ambaci sunanka sai ta juya fuskarta bango. Katin Kirsimetin da ka aiko ta ture shi ƙasa. Na ga in wani abu ya same ta, da wannan za ta tafi. Na kasa. Na ce, “Mama, Emlyn bai yi faɗa da kowa ba. Shi ya je ya janye da kansa, don ki karɓi gidan. Ni na sa shi.”

Ta daɗe tana kallona. Sai ta shiga dukan gado da hannun hagu, tana duka tana wannan sautin, har nas ta shigo da gudu. Ban san ni take duka ba, ko kai, ko wa. Da ta lafa sai ta nuna biron da ke aljihun nas ɗin.

Takardar da ke cikin ambulan ɗin nan ita ta rubuta, da hagu. Tun bayan abincin rana take fama har aka zo sallamar masu ziyara. Na miƙa hannu in taimaka, ta harare ni. Ita ta ninke da kanta, ban karanta ba.

Sai na zo.

Yayarka,
Nerys

*

Emlyn

Gaisuwa.

Na ji.

Maƙaryacin banza.

Ba ɗaki. Ba gida.

Ka zo.

Mama